Shin Matsayi Da Lambar Yabon Da Ake Ba Asibitin Koyarwa Abin Dogaro Ne?

"Assalamu alaikum Likita. Ni mazaunin Kumo ne a jihar Gombe. An ce za a yi wa mahaifiyarmu tiyatar maƙoƙo, kuma kanmu ya rabu a gida. Ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce a can ana jera asibitoci daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, don haka mu nemi wanda ya fi kowa matsayi. Yayarmu kuma ta ce kada a kai ta asibitin koyarwa, domin ɗalibai ne ke koyon aiki a jikin mutane, kuma a can aka fi mutuwa. Ni kuma nakan ga hotunan shugabannin asibitoci a Facebook ana miƙa musu lambar yabo. Su wa ke ba da wannan matsayi, yaya ake auna shi, kuma za mu iya dogara da shi?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, ya kuma saka muku da alheri bisa yadda kuka tsaya kuna bincike kafin ku yanke shawara.

Idan na fahimce ka da kyau, kana son sanin ko akwai wata takarda, ko lamba, ko matsayi da mutum zai kalla ya ce wannan asibiti ya fi wancan, har ya miƙa masa mahaifiyarsa hankali kwance. Na daɗe ina aiki a asibitin koyarwa, na kuma zauna a kwamitin da ke duba ingancin aiki da bitar mace-mace, saboda haka na ga yadda ake haɗa irin waɗannan alƙaluma daga ciki. Abin da na fahimta shi ne kowane matsayi yana amsa tambayar da masu shirya shi suka yi ne, wadda sau da yawa ba ita ce tambayarka ba. Kai kana tambaya a kan tiyatar wuya ga dattijuwa guda ɗaya, su kuma suna auna asibiti mai gadaje ɗaruruwa da sassa masu yawa, su dunƙule komai cikin lamba ɗaya.

Abubuwa uku da ake ɗauka abu ɗaya ne

Na farko shi ne jerin gwanaye, inda wata mujalla ko ƙungiya ke kwatanta asibitoci da juna, ta ce wannan ne kan gaba, wannan ke bi masa. Shi ne abin da ƙaninka ke magana a kai. Na biyu shi ne tantancewa, inda hukuma ko kwalejin ƙwararru ke da rubutattun ƙa'idoji, ta aiko da masu duba aiki su shiga ɗakunan kwanciya da ɗakin tiyata da ɗakin gwaji, su buɗe fayilolin majinyata, sannan su ce asibitin ya cika sharuɗɗa ko bai cika ba. A nan babu gasa, domin asibiti goma za su iya cin jarrabawar tare, ko su faɗi tare. Na uku shi ne lambar yabo da ake miƙawa a wajen walima, wadda ƙungiya ko jarida ko kamfani ke bayarwa. A cikin ukun, tantancewa ce ta fi nauyi, jerin gwanaye na bi mata idan an bayyana yadda aka yi awon, lambar walima kuwa ita ce ta ƙarshe, ko da yake ita ta fi yawo a wayoyinmu.

Inda aka samo wannan awo

Tunanin auna asibiti da sakamakon aikinsa ya haura shekara ɗari. Wani likitan tiyata a birnin Boston na Amurka, Ernest Codman, ya dage a kan cewa dole a bi sawun kowane majinyaci bayan an sallame shi, a gano ko ya warke, idan kuma bai warke ba a nemi dalili. Abokan aikinsa ba su so wannan magana ba, har ya ajiye aiki a babban asibitin da yake a 1914. A ƙaramin asibitin da ya buɗe na kansa ya wallafa sakamakon majinyata 337 da ya duba daga 1911 zuwa 1916, ya lissafa kurakurai 123 a bainar jama'a. Daga wannan tunani ne Kwalejin Likitocin Tiyata ta Amurka ta fitar da mafi ƙarancin sharuɗɗan da ya kamata asibiti ya cika, kuma da ta fara zagayen dubawa a 1918, asibiti 89 kacal ne cikin 692 suka cika su. Wannan aiki ne ya haifi hukumar Joint Commission a 1951, wadda reshenta na ƙasashen waje, JCI, ke tantance asibitoci a duniya a yau.

A 1966 wani masani mai suna Avedis Donabedian ya raba ingancin asibiti gida uku, kuma har yanzu da rabonsa muke aiki. Akwai abin da asibiti ya mallaka, wato gine-gine da na'urori da yawan likitoci da ma'aikatan jinya. Akwai yadda ake gudanar da aikin, kamar ko ana wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci, ko ana ba da magani a kan lokaci, ko ana auna hawan jini da dare kamar yadda aka rubuta. Sai kuma sakamako, wato nawa suka warke, nawa ciwonsu ya yi mugunya, nawa suka rasu. Abin mallaka ya fi sauƙin ƙirgawa da ɗaukar hoto, shi ya sa yawancin yabon da ake yi wa asibitocinmu a kansa yake tsayawa: sabon gini, sabuwar na'urar hoton ƙwaƙwalwa, sabon ɗakin wankin ƙoda. Amma na'ura na iya zama a ɗaki watanni babu mai sarrafa ta ko babu wutar kunna ta, kuma har yanzu za a lissafa ta cikin abin alfahari.

Jerin da ƙaninka ke magana a kai

Gaskiya ya faɗa maka. Mujallar U.S. News & World Report tana fitar da jerin asibitocin Amurka tun 1990, inda take haɗa alƙaluman rayuwa da mutuwa, da yawan ma'aikatan jinya, da ra'ayin ƙwararrun likitoci. Ƙungiyar Leapfrog tana ba asibitoci maki daga A zuwa F kan kiyaye majinyaci daga haɗari tun 2012. Hukumar inshorar lafiya ta gwamnatinsu ta fara raba taurari ɗaya zuwa biyar a 2016. Mujallar Newsweek kuma ta fara jerin asibitocin duniya a 2019, amma daga zaɓaɓɓun ƙasashe take tattaro su. Abin da ya ba Amurkawa damar yin wannan shi ne kusan duk dattijon da ya kwanta asibiti a can gwamnati ce ke biyan kuɗinsa ta inshorar Medicare, don haka akwai rumbu guda da ke ɗauke da cutar kowa, da aikin da aka yi masa, da ko yana raye bayan kwana 30. Mu a nan yawancin majinyata daga aljihunsu suke biya, fayil na takarda ne a wurare da dama, kuma wanda aka sallama ya koma ƙauyensu ba a cika sanin abin da ya same shi ba.

Duk da wannan tarin bayanai, jerin nasu ba su yarda da juna ba. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Health Affairs a 2015 ya kwatanta manyan tsare-tsare huɗu na auna asibitocin Amurka, ya tarar babu asibiti ko ɗaya da duka huɗun suka sanya a sahun gaba. Cikin asibiti 844 da aƙalla tsari ɗaya ya kira gwanaye, kashi 10 cikin ɗari ne kawai wani tsarin na biyu ya amince da gwanintarsu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wannan ya fi ba ra'ayin likitoci muhimmanci, wancan ya fi kula da cututtukan da ake ɗauka a asibiti, ɗayan kuma gamsuwar majinyata yake aunawa. Ra'ayin likitoci kuwa yakan bi tsohon suna, ta yadda asibitin da ya shahara shekaru ashirin da suka wuce zai ci gaba da cin moriyar sunan ko da manyan likitocinsa sun watse. A 2023 rukunin asibitocin Jami'ar Pennsylvania ya sanar da cewa ya daina ba U.S. News bayanansa, kuma a shekarar ce mujallar ta daina sanya wa manyan asibitocinta na sahun farko lambar na ɗaya da na biyu.

Akwai wata illar da ta fi wannan damuna. Da jihar New York ta fara wallafa yawan mutuwar da ke biyo bayan tiyatar zuciya, har da sunan kowane likita, a farkon shekarun 1990, an samu raguwar mace-mace a takarda, amma likitoci da dama sun shaida wa masu bincike cewa sun fara kauce wa majinyatan da ciwonsu ya yi tsanani don kada su ɓata musu lissafi. A Ingila ma, hukumar da ke gudanar da asibitin Stafford ta samu ƙarin matsayi da 'yancin tafiyar da kanta a 2008, sai ga rahoton masu bincike a 2009 ya fallasa mummunan sakaci da majinyata a daidai wancan lokaci. Duk inda aka ɗora lada a kan lamba, za a samu masu gyara lambar su bar aikin.

Maganar Yaya: mutuwa da ɗalibai

Yayarku ba ƙarya ta yi ba da ta ce ana yawan fito da gawa daga asibitin koyarwa, amma fassarar da ta yi wa abin ce ke da gyara. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda ya fara a matsayin Cibiyar Lafiya ta Tarayya a 1996 aka ɗaga darajarsa a 2014, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, wanda gwamnatin tarayya ta kafa a 2010 a kan tsohon Asibitin Ƙwararru na jiha, su ne ƙarshen hanyar turawa. Matar da ta kwana biyu tana naƙuda a gida, aka kai ta ƙaramin asibiti, daga nan aka tura ta babban asibitin ƙaramar hukuma, a nan ma aka ce babu jini, ita ce ke isowa asibitin koyarwa da tsakar dare tana jijjiga. Haka wanda ya yi haɗari a hanyar Bauchi zuwa Jos, da mai ciwon dajin da ya shekara yana shan maganin gargajiya, da mai zazzaɓin Lassa da aka yi ta ba maganin maleriya, ga shi Bauchi na cikin jihohin da wannan cuta ta fi addaba. Idan ɗayansu ya rasu, a littafin asibitin koyarwa za a rubuta shi, wuraren da suka turo shi kuwa littafinsu fes. Kwatanta su da ɗanyen lissafi tamkar kwatanta makarantar da ke ɗaukar zaƙaƙuran ɗalibai kaɗai ne da wadda ke karɓar duk wanda aka koro, sannan a ce malaman ta farko sun fi iya koyarwa.

Masana suna da hanyar gyara wannan, inda ake lissafa tsananin ciwon kowane majinyaci da shekarunsa da sauran cututtukansa, a fitar da adadin mutuwar da ake tsammani, sannan a kwatanta da wadda ta faru. Amma gyaran ba ya cika, kuma da aka fara raba taurari a Amurka a 2016 manyan asibitocin koyarwa sun yi ta ƙorafin cewa an danne su saboda su ke karɓar talakawa da masu ciwo mai wuya. Wani babban bincike da aka wallafa a mujallar JAMA a 2017 ya nuna cewa idan aka daidaita tsananin ciwo, dattijan da suka kwanta a manyan asibitocin koyarwa na Amurka sun fi tsira a cikin kwana 30 fiye da na sauran asibitoci. Binciken na can ne, ba na Gombe ko Bauchi ba, amma ya isa ya nuna cewa kasancewar ɗalibai a asibiti ba ita ke kashe mutane ba.

Akwai kuma abin da ke karkatar da lissafi a ƙasarmu wanda littattafan waje ba su cika ambata ba. Idan dangi suka ga jiki ya yi tsanani, ko kuɗi ya ƙare, sukan sa hannu su ɗauke majinyacinsu don ya cika a ɗakinsa. A bitar da mukan yi na sha ganin ɗakin kwanciyar da alƙalumansa na mutuwa suka yi kyau a wata guda, amma da aka duba shafin waɗanda aka tafi da su ba da yardar likita ba sai a ga a can mutanen suka ɓuya. Ƙaramin asibitin kuɗi da ke tura duk wanda ya rikice zuwa asibitin gwamnati zai iya shekara bai rubuta mutuwa ba, ya kuma yi talla da hakan.

Game da ɗalibai, ga yadda tsarin yake. Ɗalibin likitanci yana tambayar tarihin ciwo, yana duba jiki, yana tsayawa kallo a ɗakin tiyata, amma ba ya yanka. Sama da shi akwai sabon likita mai shekarar horo ta farko, sai likitoci masu neman ƙwarewa, waɗanda sun riga sun gama digiri kuma sukan shafe shekara biyar zuwa shida suna horo kashi biyu, sannan babban likita ƙwararre wanda sunan majinyaci ke ƙarƙashinsa. Gaskiya ne masu neman ƙwarewa suna yin tiyata, domin ta haka ake samun ƙwararrun gobe, kuma ingancin abin ya dogara ga ko babban likitan yana tsaye a kansu. Amfanin wannan tsani shi ne akwai likita a cikin asibitin dare da rana, kuma akwai idanu da yawa a kan kowane fayil. Illarsa ita ce jira mai tsawo, da cunkoso, da yiwuwar yajin aiki ya ɗage ranar tiyata. Mama tana da haƙƙin a nemi izininta kafin ɗalibai su duba ta, kuma ƙin yarda ba ya rage mata kulawa.

Masu tantancewa a nan gida

Asibitin koyarwa a Najeriya yana karɓar baƙin masu dubawa iri-iri. Hukumar Kula da Likitoci ta Ƙasa, MDCN, tana duba ko ya cancanci horar da ɗalibai da sababbin likitoci, ta kuma ƙayyade adadin da zai ɗauka. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, da kwalejoji biyu na Afirka ta Yamma, ta likitocin tiyata da ta likitocin magani, suna duba sassa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya fi kusa da abin da kake nema, domin sashen tiyata da aka ba cikakkiyar amincewar horar da ƙwararru ya nuna yana da manyan likitoci isassu, yana yin ayyuka masu yawa, yana da masu allurar barci da ɗakin kulawa ta musamman. Amma ka lura da cewa tambayar da suke yi ita ce ko wurin ya isa a koyar, ba ko majinyata na warkewa ba, ko da yake biyun suna da dangantaka.

Ba zan ɓoye maka raunin wannan tsari ba. Ana sanar da ranar zuwan masu dubawa tun da wuri. A wani wuri da na taɓa aiki na ga an yi fenti, an aro kayan aiki daga wani sashe, an gayyato likitocin da ba a cika gani ba, kuma da baƙin suka tafi komai ya koma gidan jiya. Gogaggun masu dubawa sun san da haka, shi ya sa sukan ƙyale sabon fenti su nemi littafin ɗakin tiyata na shekara biyu baya, su zaro fayil daga tsakiyar tari, ko su keɓe ƙaramin likita su tambaye shi yaushe rabon da babban likitansa ya zo kiran dare.

Ɗakunan gwaji suna da nasu awon, wanda a ganina ya fi sauran tsauri. Akwai ma'aunin duniya mai suna ISO 15189, akwai kuma tsarin hawa mataki-mataki na ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka, SLIPTA, da ke ba da taurari har biyar. Ga asibiti dungurungum akwai JCI, wadda amincewarta ke ɗaukar shekara uku kafin a sake dubawa, kuma asibitin Lagoon da ke Legas ya same ta a 2011. Tana da tsada ƙwarai, shi ya sa asibitocin kuɗi ne suka fi nemanta, kuma rashinta a asibitin gwamnati ba hujja ba ce ta rashin inganci. Tsarin SafeCare, wanda aka tsara don ƙasashe irin namu, yana sanya asibiti a mataki na ɗaya zuwa na biyar, ya nuna masa abin da zai gyara don ya hau. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta tanadi takardar shaidar cika ƙa'ida ga kowane asibiti, da kwamiti na musamman kan ƙa'idojin manyan asibitoci.

Lambar da ka gani a Facebook kuwa, ka yi mata tambaya huɗu kafin ka yi wa rogo kallon kitse: wa ya bayar, me ya auna, ya taka ƙafa zuwa asibitin kuwa, kuma an biya kuɗin shiga ko na teburin walima? Wasu lambobin na gaskiya ne, amma ga shugaban asibitin aka ba su saboda gine-ginen da ya yi ko zaman lafiya da ƙungiyoyin ma'aikata, abin da ba ya gaya maka komai game da hannun likitan da zai riƙe wuƙa.

Abin da ya kamata ku duba game da Mama

Inganci a sashe yake zaune, ba a ƙofar asibiti ba, kuma yankinmu ya ishe mu misali. Wanda kububuwa ta sara a gona a kudancin Gombe, asibitin saran maciji na Kaltungo ne ya fi masa, saboda ma'aikatansa sun ga irin wannan ciwo fiye da kowa. Matar da ke fama da yoyon fitsari cibiyar ƙasa da ke Ningi ce ta fi dacewa da ita. Abin da ya ba su wannan fifiko shi ne yawan maimaita aiki ɗaya, kuma haka abin yake a tiyatar maƙoƙo. Wani bincike a Amurka ya nuna cewa matsaloli sun fi raguwa a hannun likitocin da ke cire ƙullutun wuya (thyroid), wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo, gaba ɗaya fiye da sau 25 a shekara. Ba lallai ku samu mai wannan adadi ba, amma ku tambaya cikin ladabi: "Likita, kuna yawan yin irin wannan aikin a nan? Wa zai yi, kuma babban likita zai kasance a ɗakin?" Likitan da ya amince da aikinsa ba ya jin haushin wannan tambaya, kuma doka ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayanin ciwonsa da hanyoyin magani da haɗarinsu.

Haɗarin wannan tiyata sananne ne. Jijiyar da ke motsa maƙogwaron murya tana bi ta bayan ƙullutun, idan aka taɓa ta murya na iya dushewa. Akwai wasu ƙananan ƙulluta huɗu a wurin masu daidaita sinadarin kalsiyam, idan suka taɓu majinyaci zai ji yatsu da leɓe kamar ana tsira musu allura ko jijiyoyi suna ɗaurewa. Mafi gaggawa shi ne jini ya taru a wuya a daren farko ya danne hanyar numfashi, wanda ke buƙatar a buɗe ɗinkin nan take. Saboda haka tambayar da ta fi kowace lamba muhimmanci ita ce wa ke kwana a ɗakin, ma'aikaciyar jinya nawa ga gadaje nawa, akwai iskar oksijin, kuma likita yana cikin harabar asibitin ko sai an kira shi daga gida. Babban binciken tiyata na Afirka da aka wallafa a mujallar Lancet a 2018, wanda ya bi majinyata 11,422 a asibiti 247 na ƙasashe 25 har da Najeriya, ya tarar majinyatanmu sun ninka matsakaicin duniya wajen mutuwa bayan tiyata, alhali sun fi ƙuruciya kuma ciwonsu bai kai tsanani ba. Kashi 94 cikin ɗari na waɗanda suka rasu ba a ranar tiyatar suka rasu ba, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, inda matsala ta taso ba a gano ta da wuri ba.

Ku tambaya kuma ko za a auna sinadarin ƙullutun a jini kafin aiki, domin idan yana aiki fiye da kima dole a kwantar da shi da magani tukuna. Ku tambaya ko za a duba muryarta kafin tiyata, ko bankin jini na aiki da dare, ko kuma za a kai abin da aka cire ɗakin gwajin nama a tabbatar ba daji ba ne, da tsawon lokacin da sakamakon ke ɗauka. Ku tambaya ko suna amfani da takardar tabbatar da lafiyar tiyata mai tambaya 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, wadda a gwajin farko a asibiti takwas ta rage mutuwa daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin ɗari. Idan za a cire ƙullutun duka, Mama za ta riƙa shan ƙwayar da ke maye gurbin aikinsa kullum har tsawon rayuwa, tare da gwajin jini lokaci-lokaci, don haka kusancin asibitin da Kumo yana da nasa nauyin, fiye da yadda mai zama a Amurka zai iya hasashe.

Ban duba Mama ba, ban ga hoton wuyanta ko sakamakon jininta ba, saboda haka ba zan zaɓa muku asibiti daga nesa ba. Abin da zan iya cewa shi ne, idan maƙoƙon babba ne, ko ya gangara cikin ƙirji, ko yana hana ta numfashi idan ta kwanta, ko tana da hawan jini ko ciwon suga ko ciwon zuciya, to wurin da ke da likitan allurar barci ƙwararre da ɗakin kulawa ta musamman da ɗakin gwajin nama a harabar guda ya fi mata, kuma a yankinmu asibitocin koyarwa ne suka fi haɗa waɗannan. Idan ƙarami ne kuma jikinta lafiya lau, gogaggen likitan tiyata a asibitin ƙwararru na jiha ko a asibitin kuɗi mai ma'aikatan dare zai iya yin aikin da kyau. Ku tafi ganin likita tare da Yaya, ta yi tambayoyinta da bakinta ta ji amsa da kunnenta, ku kuma roƙa a nuna muku ɗakin da za a kwantar da Mama bayan an fito da ita, ku shiga da yamma bayan manyan likitoci sun tashi, ku ga yawan ma'aikatan jinyar da suka rage a bakin aiki.